Kukan aksul ɗin 504: a gyara na gida ko a ɗora na gwanjo?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar manya nake nema. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 wagon wadda ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Gombe da Kano. Da aka zo rabon gado na roƙa a sa mini ita a kasona, don da kuɗinta aka ciyar da mu, a cikinta kuma aka riƙa kai mu makaranta. Injin lafiya lau, bara aka yi masa aiki. Amma wata biyu ke nan bayanta yana kuka. In na kama hanyar Kumo, da maleji ya kai 80 sai ka ji "wuuu" kamar iskar hunturu ta samu kafa a jikin langalanga. Na kai ta wani gareji, ko leƙa ƙarƙashinta ba a yi ba aka ce aksul ya mutu, in sayo na gwanjo ɗungurungum a ɗora. Zuciyata ba ta kwanta ba. Aksul ɗin da ya ɗauki lodi shekara da shekaru, haka kawai zai mutu a hannuna ni da ba na ɗora mata komai sai iyali?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa. Yaro, kada ka yarda a cire aksul ɗin nan. Ni na fara tuƙi da 404, na koma 504 bayan an fara harhaɗa su a Kaduna a 1975. Na yi Bauchi zuwa Jos, na yi Gombe zuwa Yola tun hanyar Kaltungo tana karya ƙashin baya. Mutum 9 muke ɗauka, biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga buhuna a but, ga kaya a sama. Injin yakan gaji, giya takan gaji, amma aksul sai dai ka sayar da mota da shi. Ƙarfen da ne, ba irin gwangwanin yanzu ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai Golf:
Baba, Allah Ya ƙara girma, amma in tambaya. In har ƙarfen ya kai yadda ake faɗa, ina suka shiga? Ka zaga tashoshin Gombe yau, Golf ne da Sharan da Hiace. Ni Golf 3 nake ja shekara 6 tsakanin Gombe da Bajoga, ban taɓa zama a gareji saboda kukan aksul ba. Boris kawai nake canzawa in wuce.

Baba Direba:
Shan mai ne ya kore su da tsadar kayan gyara, ba aksul ba. Kai kuma motarka ba ta da abin da za ta yi kuka da shi.

Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya a nan, ko da yake a taƙaice. Malam Mai Golf, motarka da tayoyin gaba take ja. Abin da ke bayanta sandar ƙarfe ce kawai da ke riƙe tayoyi biyu, babu haƙori ko ɗaya a ciki, babu mai. Haka J5 take, duk lodin da ake yi mata da gaba take ja. Ita kuwa 504 ƙarfin injin ta farfela yake bi ya je baya, can ne ƙaramin haƙori, finiyon, yake juya babban faifai mai haƙora, kuranwil, shi kuma ya raba wa tayoyi biyu ta shaf na hagu da na dama. Wato aksul ɗinta aiki uku yake yi lokaci guda: yana ɗaukar nauyi, yana tura mota, yana kuma barin tayar waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana. Don haka ba a gwada su.

Kuma ba duk 504 ba ce iri ɗaya a baya. Yawancin salun kowace taya da nata hannu, tana hawa tana sauka ita kaɗai, dif ɗin, wato akwatin da haƙoran nan ke ciki, yana ɗaure a jikin mota. Wagon kuwa aksul ɗinta guda ne miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, a kan sifirin mai murɗi guda 4, biyu a kowane gefe, an kuma ƙara mata tsawo, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.9 ne, na salun kuma 2.74. Akori-kura ita ce mai sifirin falle-falle. Abin da ya fi burge ni a wagon shi ne bututun nan da farfela ke ciki. Ba don kariya kaɗai aka yi shi ba. Shi ne yake ɗaukar turin da aksul ke yi ya kai shi gaba wajen giya, ya hana aksul murɗewa in an taka totur, sai a bar sifirin da aikin ɗaukar nauyi kawai. Shi ya sa take lilo a gargada kamar kwale-kwale amma ba ta watsewa. Ba banza 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ba.

Oga Makanike:
Duk wannan karatu ne mai kyau, amma mai mara lafiya magani yake so. Ɗan Jekadafari, amsa mini waɗannan. Kukan yana ƙaruwa ne in ka taka totur, ko in ka ɗaga ƙafa mota tana gangarawa da kanta? In ka karkata sitiyari hagu ko dama a guje, yana canzawa? In ka saki kuloci za ka tashi, kana jin "ƙwas" a baya? Sannan yaushe rabon da a buɗe notin mai a duba?

Ɗan Jekadafari:
Oga, ya fi ƙarfi in na ɗaga ƙafa, musamman a gangara. Kwana ba ta canza shi sosai. "Ƙwas" ɗin akwai amma kaɗan. Maganar mai kuma, gaskiya tun rasuwar Baba shekara 4 ke nan ba a taɓa shi ba. Duk juyen da nake yi na injin ne. Yanzu da ka tambaya na je na leƙa, cikin tayar baya ta hagu ya jiƙe da mai, ƙura ta manne a jiki baƙi ƙirin.

Oga Makanike:
To ai ga zance ya fito. Ruwa ba ya tsami banza. Sil ɗin hagu, wato robar da ke tare mai, ya saki, mai yana bin shaf yana fita a hankali, kai kuma ba ka ƙarawa. Kukan da ya fi tashi in an ɗaga ƙafa yawanci boris ɗin finiyon ne ya saki ko ya ci. Da na taya ne da ka ji yana canzawa da kwana: ka karkata dama nauyi ya koma hagu, na hagu ya yi ƙara, ka karkata hagu ya yi shiru. Da haƙoran ne suka cinye da ya fi kuka lokacin da kake taka totur. Ban ce tabbas ba sai an buɗe, amma wanda ya ce maka ya mutu bai duba ba, so yake ya huta.

Abu ɗaya nake roƙonka tun yau: ka ajiye ta. Ba don aksul ba ma, don birki. Man nan da ka gani a cikin taya ya riga ya shiga diram ya jiƙa lainin. Ranar da ka taka birki da ƙarfi, dama za ta kama, hagu ta zame, mota ta juya da kai da iyalinka.

Ɗan Jekadafari:
Innalillahi. Wallahi na lura tana ɗan ja gefe in na taka birki, na ɗauka iskar taya ce. Na ajiye ta daga yau.

Na Wunti:
Salamu alaikum, ni daga Bauchi nake, sana'ata sayar da kayan mota. Ba don ina sayarwa ba, amma kada a ɓata na gwanjo haka kawai. Oga, ka san dalilin da ya sa masu gareji da yawa suke cewa a ɗora ɗungurungum. Wanda aka saita a kamfani, ba a taɓa buɗe shi ba, ya fi wanda yaro ya buɗe ya mayar da guduma. Nawa muka gani an kashe kuɗin boris da sil, bayan sati biyu kuka ya dawo ya fi na da? An gudu ba a tsira ba.

Oga Makanike:
Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma laifin hannu ne, ba na aksul ba. Kuma yau ina za ka samu na 504 wanda ba a taɓa buɗewa ba? An daina yin motar nan a Turai tun shekarun 1980, a Kaduna ne ta daɗe har cikin shekarun 2000. Mafi yawan abin da ake kira gwanjo yanzu daga jikin wata tsohuwar motar haya aka kwance shi, wadda ta sha lodin da ta mahaifin yaron nan ba ta sha ba. An wanke da fetur, an shafa baƙin fenti. Wasu ma giris suke cusawa a ciki don ya yi shiru ranar gwaji.

Na Wunti:
Masu yin haka suna nan, Allah Ya shirye su. Ni abin da nake gaya wa mai saye shi ne ya zo da makanikensa, a zuba man a gani, a juya da hannu. Kuma a ƙirga haƙora. Wannan mutane ba sa kula da shi. Ka ƙirga na finiyon da na kuranwil ka raba. In 9 ne da 35, farfela za ta juya sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya. In 9 ne da 38, sau 4.22 ke nan. Na biyun ya fi jan kaya da hawan tudu, na farkon ya fi gudu da sauƙin mai. Ka ɗora wanda ba nata ba, ko dai mota ta yi ta ihu a kwalta tana shan mai, ko ta kasa hawan tudu da lodi, maleji kuma ya riƙa yi maka ƙarya.

Hajiyar Tudun Hatsi:
Sannunku da muhawara. Ni ba direba ba ce, amma ina da akori-kura biyu da suke ɗauko mini hatsi daga kasuwannin ƙauye, kuma abin da zan faɗa da idona na gani. Shekara 3 da suka wuce, da kaka, muna dawowa ta hanyar Dukku da masara, ina gaba kusa da direba. Sai muka ji baya ya zauna a ƙasa, mota tana jan ƙarfe a kwalta, wuta tana tashi. Na waiga sai ga tayarmu ta baya tana gudu ita kaɗai ta shiga gona, da guntun ƙarfe a jikinta. Allah ne Ya tsare, babu mota a bayanmu kuma yaran da ke kan lodi sun riƙe igiya. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa. Abin da ban gane ba, manyan motoci suna ɗaukar abin da ya ninka namu sau goma, me ya sa ban taɓa jin tayarsu ta fice da shaf haka ba?

Injiniya:
Hajiya, Allah Ya ƙara tsarewa. Tambayarki ita ce gindin maganar gaba ɗaya.

A ƙananan motoci da yawancin akori-kura, har da Hilux da wagon ɗin da muke magana a kai, taya a jikin shaf ɗin kansa take ɗaure. Boris ɗaya ne a bakin aksul, shaf ya ratsa ta cikinsa. Saboda haka shaf ɗin yana murɗawa, kuma nauyin mota yana danna shi yana son lanƙwasa shi. Ki ɗauki waya ki riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, ba za ta karye a karon farko ba, amma za ta karye. Haka shaf yake: duk juyi ɗaya na taya, gefen da ke sama ya koma ƙasa, wurin da aka matse ya koma ana ja. In lodi daidai ne, zai yi haka shekaru bai gaji ba. In lodi ya wuce ƙima, wata 'yar tsaga da ido ba ya gani takan fara kusa da boris, ta yi ta ci a hankali wata da watanni, rannan ya ɓalle, watakila ma ranar ba a yi lodi mai yawa ba. Wata hanyar kuma ita ce boris ya bushe ya yi zafi, zoben da ke riƙe shi a jikin shaf ya saki, shaf ya zare da taya gaba ɗaya.

Manyan motoci kuwa, irin Marsandi 911 da waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Steyr a Bauchi, dabarar daban ce. Taya tana zaune ne a kan boris biyu a jikin bututun aksul. Bututun ne ke ɗauke da nauyi, shaf ba ruwansa da kaya, juyawa kawai yake yi. Ki duba tsakiyar tayar baya ta babbar mota za ki ga wani kai ya turo waje da notuna a zagaye, to kan shaf ɗin ke nan. Ko ya karye mota ce kawai za ta daina tafiya, taya tana nan daram.

Hajiyar Tudun Hatsi:
To na gane. Buhu 18 ne a kanta rannan, kuma an ƙara mata falle biyu a sifirin don kada ta zauna.

Injiniya:
Nan ne matsalar take. In buhunan masu kilo 100 ne, tan 1.8 ke nan, ban da yara, a kan motar da aka yi ta don abin da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Ƙarin falle yana ɗaga bodi ne kawai ido ya ga kamar mota ba ta ji ba. Shaf da boris suna nan yadda suke, babu wanda ya ƙara musu komai. Da ma sifirin ne yake gaya miki kaya sun yi yawa, sai aka rufe masa baki.

Hajiyar Tudun Hatsi:
Tun daga ranar na sa doka buhu 12, direbobin suna gunaguni wai sawu ya ƙaru. Yanzu ma na ji kamar in sake ragewa. Kuɗin mai ya fi mini sauƙi a kan ran ɗan wani.

Kawu Na Dukku:
Maganar Injiniya na tabbatar da ita da hannuna. Na yi shekaru ina jan Land Rover 109 muna kai ma'aikatan allurar shanu rugage, daga Dukku har gefen Nafada. Ita duk da ƙaramar mota ce irin tsarin manyan aka yi mata. Shaf ɗinta kuwa yana karyewa, wannan kowa ya sani, musamman mai tsaga 10 na tsofaffin. Sau biyu yana ɓalle mini a yashi. Sai in kwance notunan kan, in zare shi, in kwance farfelar baya, in sa giyar ƙafa huɗu, tayoyin gaba su kawo mu gida. Ko jak ban sa ba. Kullum da shaf ɗaya nake yawo a bayan kujera. Ni a ganina gara abin da zai karye ya bar ka a tsaye da wanda zai daɗe amma ranar da ya tashi ya kwantar da kai.

Wani abu da ban ji an ambata ba shi ne ruwa. Da damina in ka taho da aksul da zafi ka faɗa rafi, iskar ciki takan tsuke ya zuƙi ruwa ta sil ko ta ramin numfashinsa. Ka buɗe man ka gan shi fari-fari kamar kunu. Duk wanda ya ratsa ruwa ya kai cibiyar taya, ya duba mai kafin sati ya zagayo. Ramin numfashin nan kuma in laka ta toshe shi, zafi ya kumbura iskar ciki, ta sil za ta nemi hanya. Mutum ya yi ta canza sil yana zagin mai kaya, alhali tsinke kawai zai sa ya buɗe rami.

Baba Direba:
Duk kun dawo kan maganata. Ƙarfen da ya fi.

Injiniya:
Baba, a gafarce ni, a nan kam ban bi ka ba. Ƙarfen yanzu bai gaza na da ba, wajen tacewa da gasa haƙora ma an ci gaba. Abin da masu ƙera na da suka yi shi ne sun bar rara. Injin 504 wagon mai lita 2 ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma aka ba shi aksul da zai iya da fiye da haka. Kuma sun yi shi yadda za a kwance, a canza boris, a sa shim, wato siraran zobban ƙarfe na saita rata, a mayar. Rarar nan ce kuka yi shekaru kuna ci da mutum 9 da buhuna. Amma rara tana ƙarewa. Kuma waɗanda muke gani yau su ne suka tsira. Waɗanda suka fashe a hanyar Yola an daɗe da narkar da su, ba sa nan balle su ba da shaida.

Baba Direba:
Kai yaro da baki kake. To na yarda da rabi. Amma bari in ba ka abin da ba lallai ka taɓa riƙewa a hannu ba. 404 salun ta farko ba irin haƙoran nan gare ta ba. Wani ƙarfe ne mai murɗi kamar sukurun, yana kwance a ƙasa yana juya faifan tagulla. Shiru kake ji kamar ba mota ba. Amma tana da manta na musamman, har akwai wanda ake yi da man zurma, kuma ba a gauraya shi da wani. Da yawa a nan ba su sani ba, sai su zuba duk man giyar da suka samu. Wata shida ka juye mai ka ga yana ƙyalli kamar an zuba garin zinariya, tagullar ce ta narke a ciki. Maigidana da ya koya mini mota, Allah Ya jiƙansa, da kansa yake tsayawa a kan mai juye, ba ya aiken yaro. Motarsa ta riga ta kowa zuwa ta kuma bar kowa a hanya.

Injiniya:
To Baba ai ka kawo hujjata da bakinka, kulawar maigidanka ce ta riƙe ta. Kuma bayaninka daidai ne. Man dif na yau akwai sinadarin farar wuta a ciki don ya jure matsi, shi kuma irin wannan sinadari ba ya shiri da tagulla in an yi zafi. A 504 kuwa abin ya juya: finiyon ɗinta yana ƙasa da tsakiyar kuranwil, haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, suna gogawa. Irin wannan tsari tun shekarun 1920 aka fara sa shi a motocin Amurka don a saukar da farfela ƙasa. Yana da ƙarfi, amma dole sai da man da aka yi dominsa. A duba galan a ga GL-5, lamba 90, ko 80W-90. Mai ɗaukar kaya a zafin nan namu yana iya sa 85W-140.

Mai Golf:
Mu dai a tasha na sha ganin ana zuba baƙin man da aka juye daga injin a aksul ɗin bas, wai ai duk mai ne. Wani kuma ya ce a yi wa ƙananan haƙoran cikin dif, masu barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu, walda, tayoyi biyu su riƙa ja tare, ba ta ƙara maƙalewa a laka.

Oga Makanike:
Duka biyun kisan kai ne ga aksul. Baƙin mai ba ya tsayawa tsakanin haƙoran nan, matsi yana matse shi ya fita, ƙarfe ya ci ƙarfe. Walda kuma, a laka za ka ji daɗi, amma da ka hau kwalta ka sha kwana dole taya ɗaya ta ja ƙasa, shaf ne yake shan murɗar har ya gaji. A motar da taya ke jikin shaf, ka ji abin da ya samu Hajiya. Ku ƙara da wannan: taya babba a hagu ƙarama a dama. Ƙananan haƙoran nan an yi su ne su yi aiki a kwana kawai su huta a miƙe. In tayoyi ba girma ɗaya ba, daga Gombe har Bauchi suna juyawa ba hutu.

Mai Golf:
Wannan na taya ya shafe ni ma ke nan, tunda dif ɗina yana gaba.

Oga Makanike:
Ƙwarai kuwa.

Ɗan Jekadafari, ga abin da za ka tsaya a kai duk inda ka kai ta. Aikin wagon yana da ɗan wuya saboda bututun farfela, sai an saki aksul an ja shi baya, don haka kada ka yarda da mai cewa awa ɗaya ya gama. A juye man a faranti mai tsabta ka gani da idonka. Laushin gari baƙi-baƙi ba komai, amma in ka ga ɓarɓashi kamar tsakuwa to wani abu ya fashe. A wanke haƙora a duba fuskarsu a rana: in santsi ne suna sheƙi, suna da rai. In sun yi ramuka ko bakinsu ya yi kaifi kamar wuƙa, sun tafi. In za a canza, finiyon da kuranwil tare ake canzawa, don tare aka goge su a kamfani, mata da miji ne, ba a haɗa na wannan da na wancan. Wajen mayarwa a kula da shim ɗin da aka tarar, kada yaro ya watsar. Ratar da ake bari tsakanin haƙora 'yar kaɗan ce, tsakanin 0.1 da 0.2 na milimita, ba a auna ta da ido. A shafa wa haƙora shuɗi ko jan fenti a juya, a ga inda suke taɓa juna, a tsakiya ake so. In makanike ya ce shi da kunne yake saitawa, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Na Wunti:
Boris kuma kada ka bi araha. Akwai masu kwali mai kyau da suna mai kyau, ciki kuwa ba labari. Ka ɗauki tsohon ka je da shi a gwada lamba da lamba.

Shugaban Zaure:
Jama'a an amfana. Ɗan Jekadafari, in an buɗe ka dawo mana da labari, kada a bar mu a rataye.

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda Shugaba ya ce, kwana 9 ke nan. Na samu wani dattijo da ya yi zamani da Peugeot, na zauna a kan benci tun safe har la'asar kwana biyu. Man da ya fito ko rabin abin da ya kamata bai kai ba, baƙi, yana warin ƙuna. Boris ɗin finiyon na gaba ya yi ramuka, da na juya shi a hannu sai na ji kamar yashi a ciki. Amma haƙoran, Allah cikin ikonsa, lafiyarsu ƙalau, dattijon ya nuna mini su a rana suna sheƙi. Ya ce da na ƙara wata biyu a haka da sun tafi. An canza boris biyu na finiyon, da na tayar hagu, da sil duka, da lainin birki na ɓangare biyu. Ya shafa shuɗi sau uku yana kwancewa yana mayarwa kafin ya gamsu. Kuɗin bai kai abin da aka ce in kawo na gwanjo ba.

Da yana wanke kwanson sai ya kira ni ya nuna mini wasu ɗigo uku da aka buga da ƙusa a gefe, ya ce alamar wani makanike ce da ya taɓa saita shi da daɗewa. Sai na tuna ina yaro Baba ya taɓa kwana biyu a Kano ya ce mota tana asibiti. Na daɗe ina kallon ɗigon nan.

Jiya na gwada ta har Kumo na dawo. Kukan ya tafi, sai wani siririn sauti da nake ji wajen 90 in na kasa kunne. Oga, wannan abin damuwa ne?

Oga Makanike:
Alhamdu lillahi. Haƙoran da suka yi tafiya da boris mai lilo sukan riƙe ɗan sauti, ba ya hana su shekaru. Ka sa kunne dai, in yana ƙaruwa ka koma. Bayan tafiya mai nisa ka kai hannu kusa da kwanson a hankali, ɗumi daidai ne, amma in ba ya taɓuwa an matse boris da yawa. Ka juye man nan bayan kilomita 1,000 don ya fitar da abin da ya rage, daga nan duk juyen injin ka sa a buɗe notin gefe, mai ya kasance daidai bakin ramin.

Baba Direba:
Madalla da dattijon nan, a gaishe shi. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu ina Gombe wajen ɗaurin aure a Bolari. Ka zo da ita bayan an sauko, ka ba ni kujerar baya ta can ƙarshe mu je Kwadon mu dawo. A nan ake jin aksul, ba a gaba ba.

Ɗan Jekadafari:
In sha Allahu Baba, zan zo in ɗauke ka. Kai ma za ka ja ta a dawowa.